A Ba Mai Aikin Zaune Kujerar da Ta Dace da Bayansa

Kwanakin baya mun shiga wani biro domin karɓar takardar haihuwar yaro. Mun tarar da layi. Mai rubuta takardun wata mata ce da ba za ta wuce shekara 40 ba. Tun ƙarfe 8 na safe take zaune gaban kwamfuta. Kujerarta ta ƙarfe ce, abin jinginawa ya karye, an ɗaure shi da igiya. Ta ɗora tsoffin rajista biyu a kan mazaunin domin ta ƙara tsawo. Da ta tashi ɗauko hatimi, sai da ta dafa tebur, ta riƙe ƙugu, ta yi ɗan jim kafin ta miƙe. A ɗakin da ke kusa akwai wata babbar kujera mai taya, mai laushi, mai juyawa. Babu kowa a kanta. Mai ita ya tafi taro, kuma an ce mana yawancin kwanaki haka yake.

Ƴan'uwa masu karatu, abin da muka gani ke nan, kuma mun san ku ma kun sha ganin irinsa. A wurinmu kujera alamar girma ce. Babba shi ke da babbar kujera, ƙarami kuwa ya yi haƙuri da benci. Mu ra'ayinmu dabam yake. Kujera kayan aiki ce, kamar yadda fartanya take ga manomi, almakashi ga tela. Wanda ya fi daɗewa a zaune, shi ya fi cancantar kujera mai kyau, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a ma'aikatar.

Wani zai ce: mu manoma ne, ina ruwanmu da kujerar biro? Da ruwanmu. Ƴaƴanmu da muka sa makaranta su ne ke zaune a waɗannan wurare. A ƙauyukanmu ma aikin zaune ya yawaita. Ga magatakardan ƙungiyar manoma, ga mai riƙe da littafin bankin cimaka, ga ma'ajin asusun mata, ga tela, ga mai aika kuɗi ta waya, ga direba. Da yawa daga cikinku da kuka koyi karatu da lissafi, yau ku ne aka ba alƙalami. Kuma darasin da ke cikin kujera darasi ne da ya shafi gona da madafa, kamar yadda za mu gani.

Yadda aka gina baya

Mu fara da sanin abin da muke son karewa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera, ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Sauran 9 na ƙasa sun manne da juna. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai wani ɗan matashi na guringuntsi, mai tauri daga waje, mai laushi daga ciki. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi, shi ke shanye nauyi idan mun yi tafiya ko mun ɗauki kaya. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta bi, daga gare ta jijiyoyi suka fita zuwa hannuwa da ƙafafu. Tsoka kuma ta riƙe wannan gini ta kowane gefe, kamar yadda igiyoyi ke riƙe rumfa.

Idan mutum ya tsaya, ku dube shi ta gefe. Bayansa ba miƙe yake sak ba. A wuya ya ɗan shiga ciki, a kafaɗa ya ɗan fito, a ƙugu ya sake shiga ciki. Ku sa hannu a bayanku, daidai inda ɗamara ke zama, za ku ji wannan ɗan rami. Idan muka zauna a kan benci muka saki jiki, ramin nan yana ɓacewa, baya ya koma kamar baka. Minti kaɗan ba kome ba ne. Amma awa da awoyi a haka, kullum, tsoka tana gajiya, gaɓoɓi suna sanƙarewa.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1999, wasu likitoci a ƙasar Jamus sun sa wani ɗan ƙaramin ma'auni cikin matashin ƙugun wani mutum mai lafiya, da yardarsa, domin su ga nauyin da ke sauka a wurin. Ga abin da suka samu, a sauƙaƙe. Idan yana kwance, nauyin awo 1 ne. Idan yana tsaye, awo 5. Idan ya zauna ya jingina ya huta, wajen awo 3. Idan ya zauna ya duƙa gaba sosai, awo 8. Da ya ɗaga kaya mai kilo 20 daga ƙasa da baya a lanƙwashe, sai awon ya kai 23. Da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga, 17. Da ya riƙe kayan jikinsa, 11. Mutum ɗaya aka auna, amma darasin a fili yake. Zama a jingine yana rage wa ƙugu kaya. Zama a duƙe yana ƙara masa. Kilo 20 kuwa shi ne nauyin ruwan da ke cikin jarka mai lita 20, wadda ƴaƴanmu ke ɗagawa kowace safiya.

Girman matsalar

Ciwon baya ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. Wannan ya ninka yawan mutanen Nijar fiye da sau 20. Ta ce kuma babu wani ciwo da ya kai shi hana mutane aiki da walwala. Ya fi yawa ga mata, ya fi kuma tsananta wajen shekara 50 zuwa 55, lokacin da mutum ke ɗauke da nauyin gida. Masu bincike sun lissafa cewa kusan kashi 2 cikin 5 na wahalar da wannan ciwo ke jawowa yana da nasaba da abu uku: yanayin aiki, shan taba, da ƙiba. Duk ukun abubuwa ne da ake iya gyarawa.

Maganar kuma ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1700 wani likitan ƙasar Italiya mai suna Ramazzini ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a. Ya lura cewa teloli da masu ɗinkin takalma, saboda zama a duƙe, bayansu yana tanƙwarewa. Daga baya ya ƙara da magatakarda, masu wuni da alƙalami a hannu. Shawarar da ya ba su ita ce su riƙa motsa jiki. Shekara 300 da wani abu ke nan, kuma shawarar ba ta tsufa ba.

Daga irin wannan lura aka samu wani fannin ilimi da ake kira ergonomi. Ma'anarsa a taƙaice: a daidaita aiki da kayan aiki da jikin mutum, kada a tilasta wa jiki ya bi kayan aiki. Kujerun biro na zamani, masu hawa da sauka, daga wannan ilimi suka fito. Sun fara yaɗuwa sosai a Turai da Amurka daga wajen 1976, lokacin da ma'aikata masu wuni gaban na'ura suka yawaita.

Kada sunan ya ba ku tsoro. Kakanninmu sun san wannan ilimi ba tare da sun ba shi suna ba. Ku dubi haiwa, mai doguwar ƙota, wadda ake noma da ita a tsaye a ƙasar jigawa. Ku dubi sungumi, wanda mai saran shuka ke tafiya da shi ba tare da ya duƙa ƙasa ba. Manomin kirki ba ya karɓar ƙota sai ya gwada ta a hannunsa, ya ga ta yi daidai da tsawonsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sai a 1975 hukuma ta hana masu manyan gonaki tilasta wa ƴan ƙodago noma da gajeriyar fartanya, bayan likitoci sun ba da shaidar yadda take lalata musu baya. To, abin da muke nema wa mai aikin zaune shi ne abin da manomi ke nema wa kansa wajen maƙeri: kayan aiki daidai jikinsa.

Alamomin kujera mai kyau

Ba laushi ne ke sa kujera ta zama mai kyau ba, ba kuma girma ba. Ga abubuwa 6 da za a duba.

1. Tsawo. Idan ka zauna, tafin ƙafarka duka biyu su taka ƙasa sosai. Cinyoyinka su kwanta daidai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Idan kujera ta yi tsawo, ƙafafu suna lilo, bakin kujera ya danne cinya. Idan ta yi gajarta, gwiwa ta tashi sama, baya ya lanƙwashe. Kujerun biro na zamani suna da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, in an ja shi sai su hau ko su sauka, yawanci tsakanin santimita 40 da 52. Wannan shi ne babban amfaninsu, domin mutane ba tsawo ɗaya gare su ba.

2. Zurfi. Ka matsa har ƙugunka ya taɓa abin jinginawa. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka a samu wurin yatsa 2 ko 3. Kujera mai zurfi da yawa tana sa gajeren mutum ya zauna a baki, ya rasa jingina.

3. Abin jinginawa. Ya kasance yana da ɗan tudu daga ƙasa, wanda zai cike ramin ƙugu. Ya ɗan kwanta baya kaɗan, kada ya tsaya sak kamar bango. Idan yana ɗan bin mutum in ya jingina, ya fi.

4. Mazauni. Kada ya yi tauri kamar dutse, kada kuma ya yi laushin da mutum zai nutse. Bakinsa na gaba ya zama a zagaye, ba mai kaifi ba. A ƙasarmu mai zafi, yadi ko raga mai shan iska ya fi roba mai kama da fata, wadda ke sa zufa kuma take tsattsagewa cikin shekara kaɗan.

5. Hannuwa. Idan kujera tana da wurin ɗora hannu, ya kasance kafaɗu suna sake, ba a ɗage ba. Kada kuma hannuwan su hana kujera shiga ƙarƙashin tebur.

6. Gindi. Kujera mai taya ta kasance da ƙafa 5, domin mai ƙafa 4 tana saurin kifewa. Taya tana amfani a kan daɓen siminti mai santsi. A kan ƙasa ko rairayi, kujera mai ƙafa 4 marar taya ta fi.

Kujera da tebur tare suke aiki. Idan ka zauna ka saki kafaɗa, saman tebur ya yi daidai da gwiwar hannunka. Yawancin teburan biro tsawonsu santimita 72 zuwa 75 ne, wanda ya yi wa gajerun mutane yawa. Irin wannan mutum ya ɗaga kujerarsa, sannan ya sa katako ko bulo ƙarƙashin ƙafafunsa. Mai aiki da kwamfuta ya ajiye allon a gabansa, nisan hannu guda, saman allon daidai da idonsa. Kan babban mutum ya kai kilo 5, wato nauyin tiya 2 ta hatsi. Duk lokacin da ka sunkuyar da shi kan waya ko littafi, tsokar wuya ce ke riƙe da wannan kaya.

Masu cewa almubazzaranci ne

Mun ji masu cewa iyayenmu a kan tabarma suka zauna, kuma sun rayu lafiya. Gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin tabarma ba. Mai zama a tabarma yana sauya zama kowane lokaci. Ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya kishingiɗa, ya tashi ya tari baƙo. Ba wanda ya ɗaure shi wuri ɗaya. Ma'aikacin biro kuwa idonsa yana kan takarda, hannunsa yana kan na'ura, layi yana jiransa. Mu yi lissafi tare. Awa 8 a rana, kwana 5 a mako, awa 40 ke nan. A mako 48, awa 1,920. A shekara 30 ta aiki, awa 57,600. Wane manomi ne zai yarda ya yi wannan daɗewa da ƙotar da ba ta yi masa daidai ba?

Mun ji kuma masu cewa babu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi, domin kujerar da aka shigo da ita daga waje tana da tsada. Amma ciwo ma yana da tsada. A ce tela yana samun jika 2 a rana. Bayansa ya riƙe, ya kwana 10 bai hau keke ba. Jika 20 ta tafi, ban da kuɗin magani da na mota zuwa asibiti. Idan abin ya faɗo gab da salla, asarar ta fi haka, har masu kaya su koma wurin wani. Ma'aikatar da ta sayi kwamfuta da injin buga takardu da fanka, ba za ta ce kujerar mai aiki da su ce ta gagare ta ba. Sau da yawa ma ba sabon kuɗi ake bukata ba. Kujerun suna nan, rabon ne bai yi daidai ba.

Abin da ake iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba

Ba dole sai kujerar Turai ba. Kafintocinmu da masu walda a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna iya yin kujera mai kyau idan an ba su awo. Matsalar ita ce, ana yi wa kowa awo ɗaya. Tela ba ya ɗinka riga sai ya auna mai ita. Kafinta ma ya yi haka. Mai kujera ya zauna, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa, wannan shi ne tsawon mazauni. A auna daga bayan ƙugunsa zuwa bayan gwiwa, a rage yatsa 3, wannan shi ne zurfi. A sa abin jinginawa ya ɗan kwanta baya, a ɗaura masa guntun soso daidai ramin ƙugu.

Wanda ba shi da halin sabuwa, ya gyara wadda yake da ita. Ka naɗe tawul ko tsohon zane, kaurinsa kamar damtse, ka ɗaure shi a jikin abin jinginawa daidai ƙugu. Idan kujera ta yi gajarta, ka sa matashi mai ɗan tauri. Idan ta yi tsawo, ka sa abin taka ƙafa. Kujerar ƙarfe da aka saƙa da igiyar roba tana da daɗin hira da shan iska, amma idan igiyar ta saki, mutum yana nutsewa ciki kamar a ƙwarya. A sake saƙa ta, kuma kada a mai da ita kujerar rubutu. Maza su fitar da jakar kuɗi daga aljihun baya kafin dogon zama, domin tana karkatar da ƙugu. Direba ya matso da kujerarsa yadda zai taka birki ba tare da ya raba bayansa da jingina ba.

Ƙa'idar gwiwar hannu tana aiki ko'ina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana koyar da ita ga masu sana'a da manoma: a ɗaga aiki ya zo daidai gwiwar hannu. Uwargida mai tsintar hatsi ko ɓarar gyaɗa ta ɗora faifai a kan juyayyen turmi ko ƙaramin tebur, maimakon ta bi shi ƙasa. Mai wanki ta ɗora baho a kan dakali. Mai suya da ke wuni a kan kujera ƴar tsugune ta matsa kusa da bango ta samu jingina. Tsintsiya a sa mata sanda. Wajen ɗaukar kaya kuma, a tuna awon da muka faɗa: a matsa kusa da kayan, a lanƙwasa gwiwa, a riƙe shi jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Buhu mai kilo 50 ko 100 aikin mutum biyu ne, ko na baro. Ba ragwanci ba ne a nemi taimako.

Kujera ba magani ba ce

A nan dole mu faɗi gaskiya, ko da za ta rage wa maganarmu ƙarfi. Masu sayar da kujeru suna cewa kujerarsu tana warkar da ciwon baya. Kada ku yarda. Binciken likitoci bai nuna cewa kujera ita kaɗai tana hana ciwon baya ko tana warkar da shi ba. Abin da kujera mai kyau ke yi shi ne rage gajiya, rage takura, da ba mai ciwo damar ci gaba da aikinsa cikin sauƙi. Wannan ma ba kaɗan ba ne. Amma ko kujerar da ta fi kowace tsada, idan mutum ya wuni a kanta bai motsa ba, zai tashi da ciwo. Babu wani zama guda ɗaya da ya dace a yi shi wuni zur. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Saboda haka, bayan kowane minti 30, ko in ya yi yawa awa 1, a tashi. A yi taku kaɗan, a miƙe, a dafa ƙugu a ɗan lanƙwasa baya a hankali, a juya kafaɗu. Minti 2 sun isa. A ajiye randar ruwa nesa da tebur domin a samu dalilin tashi. A amsa waya a tsaye. Shugaban da ya ga ma'aikacinsa ya miƙe yana miƙa, kada ya ɗauka gudun aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Manomi yana samun wannan har ya wuce. Ma'aikacin da ke hawa babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar biro shi ne abin ji.

Idan ciwon ya riga ya zo

A cikin mutum 10 masu ciwon ƙugu, wajen 9 ba a samun wata babbar cuta a bayan ciwon nasu. Yawanci yana sauƙi cikin ƴan makonni. Dā ana cewa mai ciwon baya ya kwanta har ya warke. Yanzu an gane cewa doguwar kwanciya tana jinkirta warkewa. A rage aiki mai nauyi na ƴan kwanaki, amma a ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka gwargwadon hali. Tsumma mai ɗumi a wurin yana taimakawa.

A yi hattara da magungunan da ake tallansu a kasuwa da tasha. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, suna cin ciki, suna kuma lalata ƙoda. Tramol ya fi su haɗari. Yana rufe ciwo ya sa mutum ya ƙara wa bayansa kaya, yana kama jiki har a kasa bari, yana kuma sa farfaɗiya. Mun ga samari majiya ƙarfi da suka fara shi domin ciwon ƙugu, yau sun zama abin tausayi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Ta ba da ƙarfi ga ilimantar da mai ciwo da motsa jiki. Ta ce kada a dogara da ƙwayoyi masu ƙarfi dangin tramol, ko ɗamarar ɗaure ƙugu.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na kujera ba ne, ba na gajiya ba. A tafi asibiti ba da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon ya zo bayan faɗuwa daga itace, daga amalanke ko haɗarin babur.
Ƙafa ta mutu, ko ta yi rauni, ko mutum yana jan ta.
Fitsari ko bayan gida yana zuwa ba a sani ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi.
Akwai zazzaɓi, rama, zufar dare ko tari mai daɗewa. Ƙwayar tarin fuka tana kama ƙashin baya, tana iya sa ƙusumbi da shanyewar ƙafafu, amma tana warkewa idan an fara magani da wuri.
Akwai jini a fitsari, ko zafi wajen fitsari.
Mai ciwon ƙaramin yaro ne, ko mai sikila, ko mace mai ciki.
Ciwon yana hana barci, ko ya wuce mako 6 bai yi sauƙi ba.

Kiranmu

Ga shugabannin ma'aikatu da magadan gari: ku zagaya ku ga abin da ma'aikatanku ke zama a kai. Ku fara da masu buga takardu, masu karɓar kuɗi, da masu rajista. In za a sayi kujeru, a bar mai zama ya gwada kafin a biya. A nuna masa yadda ake ɗaga ta da sauke ta, domin mun ga kujeru masu tsada da ba a taɓa jan ƙarfensu ba tun ranar da aka kawo su. A sayi mai ƙwari wadda ake samun kayan gyaranta, domin araha ba ta ado.

Ga ƙungiyoyin manoma da na mata: magatakardanku yana yi muku aiki, sau da yawa ba albashi. Ranar rabon taki ko sayar da cimaka yana wuni a kan buhu, littafi bisa gwiwa. Kujera ɗaya da tebur ɗaya daidai jikinsa ba za su karya asusu ba. Ku sa maganar cikin taronku na gaba.

Ga kafintoci da masu walda: ku riƙa auna mutum kafin ku yanka katako. Wanda ya fara yin kujera bisa awo zai ga ciniki. Ga iyaye da kwamitocin makarantu: yaro ɗan shekara 7 da ɗan shekara 13 ba za su zauna a benci mai tsawo ɗaya ba. A sa ƙanana a ƙananan bencina.

Ga kai mai karatu: yau da ka ajiye wannan jarida, ka duba wurin da ka fi zama. Ƙafarka tana taka ƙasa? Ƙugunka yana da jingina? Aikinka ya zo daidai gwiwar hannu? Yaushe rabonka da tashi? Ka gyara abu ɗaya a wannan mako, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba tukuna.

Matar nan ta biro tana da sauran shekaru masu yawa na aiki a gabanta, kuma akwai masu ci daga hannunta. Abin da take bukata yana ɗakin da ke kusa da ita, taku 10 kacal. Muna fata wanda ke da ikon ba da umarni zai karanta wannan shafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara mana lafiya.